Darasin da Aku Zai Iya Karantawa

Litinin, 3 ga Maris
Manaja ya ce ƙarshen wata za a cire teburin amsa waya, inji zai gaje ni. "Ki koyi HTML, harshen gina shafi, ki riƙe mana shafin ofis na intanet, sai ki zauna." Murya kamar an shafa mata zuma. Ban yarda da shi ba. So yake in gaza da kaina, kada a ce ya kori makauniya.

Laraba, 5 ga Maris
Ni da Aku, manhajar da ke karanta min allo, mun shiga farautar darasi. Na farko bidiyo ne: "Ku danna nan, kamar yadda kuke gani." Ina ne nan, malam? Na biyu an rubuta ɓaro-ɓaro wai ya dace da makafi, amma misalan duk hotonsu aka ɗauka. Aku sai "hoto, hoto" yake ta yi har kaina ya ɗau zafi. Maƙaryata.

Asabar, 8 ga Maris
Yaya ta kira. "Ke dai ki dawo gida, ga ɗaki a share." Wa ya tsegunta mata?

Talata, 11 ga Maris
Wata a zaurenmu na makafi na intanet ta turo min wani darasi. Malamin wai shi ma makaho ne. Wai. Na ɗana masa tarko, na tambaye shi yadda zan gane alamar HTML da na buɗe ban rufe ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Ya amsa da saƙon murya. Bai ce "duba" ba ko sau ɗaya, cewa ya yi in sa Aku ya bi layin harafi-harafi. Amma ba wannan ya tsayar da ni ba. A bayansa ina jin nasa akun yana zuba, ya ninka nawa sauri. Mai ido ba zai tsinci kalma guda a wannan gudun ba. Ashe da gaske makaho ne. Ko dai kunnawa ya yi don in ji?

Lahadi, 16 ga Maris
Na rubuta kanu mai sunana da sakin layi. Aku ya ce "kanu, mataki na ɗaya", ya karanta sunana. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Wataƙila sa'a ce.

Juma'a, 21 ga Maris
Manaja ya tsaya bakin teburina, ya ce yaya karatu. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kalmar sirrin shafin." Ya ce sai Litinin. Har yanzu ban yarda da shi ba.

Sai da ya tafi na tuna ban ce "in na iya" ba.