Muryar da Na Ji a Bayan Taki Ranar Hawan Dutse

Zahir, Makka
Talata, bayan azahar

Ya Na'ima, sanyin idona, furen Ɗa'ifa da aka tsinko da raɓarsa tun rana ba ta gan shi ba! Ya yayyafin da ke sauka kan baƙaƙen duwatsun garin nan sau ɗaya a shekara, yaro da babba su fito waje su ɗaga fuska sama! Ya ke wadda dariyarta ke tashi gaba ɗaya kamar tantabarun harabar Harami! Amincin Allah ya tabbata gare ki, ya lulluɓe gidanku da duk wanda ke cikinsa, har da wanda ban so in sa a addu'ar ba. Hafizu ne. Na san kin gane tun daga layin farko, tunda ke kika ce rubutuna kamar an tsoma ƙafar kaza a tawada.

Bari in fara da laifina kafin in zo kan naki. Kwana uku ke nan kina aiko saƙo ban amsa ba. Na san abin da zuciyarki ta raya miki, abin da zuciyar kowa ke rayawa in mutum irina marar iƙama, takardar izinin zama, ya yi shiru a garin nan, har sai da kakarki ta koma gida jiya ta ce ta gan ni garau. Wannan tsoron da na jefa ki ciki, ki yafe mini shi. Ba a kama ni ba, ba ni da zazzaɓi, wayata ba ta faɗa ruwa ba. Kishi ne, Na'ima. Kishi ne tsagwaronsa, mai ɗaci kamar maɗaci. Na ɗauki waya ya fi sau ashirin, na ji muryata za ta ba ni kunya, shi ya sa na nemi takarda.

Kin tuna ranar da muka haɗu? Ni kam ko daga barci aka tashe ni zan kawo ta daki-daki. Shekara biyu da suka wuce, a tsakiyar zafin Yuli, na tura kakarki Hajiya Sa'adatu a arabiya, keken nan na tsofaffi da nake cin abinci da shi, tsakanin Safa da Marwa, ke kina gefe riƙe da takalmanta da gorar zamzam. Ban ɗaga ido na dube ki ba, Allah ne shaida, wurin ba na kallo ba ne. Sai da muka fito muna jiran mota na zaro waya na duba, na dafe kai na yi salati da ƙarfi, har Hajiya ta fara karanto innalillahi. Kika tambaye ni wa ya rasu. Na ce babu kowa, wani bawan Allah ne a ƙasar Faransa ya murza keke shi kaɗai a gaba tun safe, aka kamo shi saura taku kaɗan ya taka layi. Kika dube ni, kika dubi arabiyar da ke hannuna, kika ce ashe mai tura keke bai gaji da keke ba. Sannan kika yi dariyar nan. Wayyo, dariyar nan! Da na san abin da za ta jawo mini da na toshe kunnuwana. Ƙarya nake yi, da ban toshe ba.

Daga ranar Hajiya ta ƙi yarda kowa ya tura ta sai ni, ke kuma kika ƙi barina in huta da tambaya. Wa ya koya miki cewa tseren mako uku ne, kowace rana da zangonta? Wa ya ce miki waɗanda ke tafiya a dunƙule su ne garke, kuma na tsakiyar garke hutawa yake yi, don na gaba ne ke tare masa iska? Wa ya nuna miki ɗan ga-ruwa, bawan Allahn da aikinsa shi ne ya koma baya wurin motar ƙungiya, ya cusa goruna cikin riga, ya murzo feda ya raba wa abokansa, sannan ya shiga gaba ya tare wa maigidansa iska har ƙarfinsa ya ƙare, ya kauce gefe, kyamara ta wuce ta bar shi? Ni ne, Na'ima. Kika ce tausayi ya kama ki, kika zaɓi ɗaya a cikinsu, wani siriri mai manyan kunnuwa, muka sa masa suna Dogo tunda sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshenmu. Shekara tara yana ɗaukar wa mutane ruwa, bai taɓa cin zango ko ɗaya ba. Muka ce namu ne.

Kin san yadda aikina yake. Tsakanin la'asar da magariba, lokacin da tseren ke ɗaukar zafi, lokacin ne tsofaffi ke fitowa saboda rana ta sassauta. Hannuwana biyu na kan arabiya, waya na aljihu a kashe. Ke kika ƙirƙiro mana dabara: ki kalla a gida har ƙarshe, sannan ki ba ni labarin daga farko a saƙon murya, ni kuma in na tashi in sa a kunne in kamo hanyar Zahir a ƙafa. Doka ɗaya ce tak, dokar duk mai son tsere: ba a faɗa wa wanda bai kalla ba wanda ya ci. Kin riƙe dokar nan kamar mai riƙon alwala. Akwai ranar da kika yi ta danne dariya don kada in gane, akwai ranar da kika yi mini baƙin cikin ƙarya da gangan. In kin ce gajimare ya sauko kan hanyar dutse, sai in ji sanyi ya ratsa ni, alhali kwaltar da nake takawa na neman narka mini takalmi.

Sai ranar Asabar. Saƙo mai minti goma sha huɗu. Kika ce yau babu gora a rigar Dogo, an sakar masa mara, ya ɓalle daga garke shi da mutum huɗu. Na ce a raina za a kamo su, kullum ana kamowa. Kika ce sun fara hawan ƙarshe, uku sun zube, saura shi da mutum ɗaya. Numfashinki ya fara sarƙewa, nawa ma haka, na tsaya cak a bakin titi masu mota na ta danna mini oda. Saura kilomita shida! A nan ne na ji an turo ƙofa a bayanki, na ji ƙarar kofuna a kan tire, na ji muryar namiji, a sake kamar yana ɗakin uwarsa, ya ce: "Halas ya Na'ima, ba dogon nan naku ne ya ci ba? Ajiye wayar, shahi zai huce."

Shi ke nan. Abin da na jira shekara biyu in ji daga bakinki, na ji shi daga bakin Hisham ɗan gwaggonki, tsakanin hamma da kofin shayi. Dogo ya ci, Na'ima! Ɗan ga-ruwanmu ya ɗaga hannu a kan dutse, ni kuwa ina tsaye a bakin titi ko murmushi ban yi ba. Na ji kin ce masa "uskut", wato ya yi shiru, amma da dariya kika faɗa. Dariyar nan tawa! Kuma kika aiko saƙon a haka, ba ki sake ɗauka ba, kamar ba a yi komai ba.

Me ya kai shi gidanku a lokacin tsere? Tun yaushe Hisham ya san keke? Mutumin da in ba ƙwallo ba bai san ana wani wasa a duniya ba, mutumin da daga gidansu a Shisha zuwa masallacin unguwa sai ya tayar da mota! Yanzu na gane inda wasu maganganu suka fito. Makon jiya kika ce masu gudun ƙarshe ma suna da daɗin kallo. Masu gudun ƙarshe! 'Yan cima-zaunen nan da ke laɓewa a bayan mutane tun safe, iska ba ta taɓa fuskarsu ba, sai an hango layi su fito su kwashe nasara da furanni. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na yi mamaki a lokacin, na ce ko gajiya ce, ashe ruwa ba ya tsami banza. Dole Hisham ya so su, ai halinsu ɗaya: ni na share shekara biyu ina koya miki tsere, shi ya shigo da tiren shayi saura kilomita shida.

Jiya ba ki biyo Hajiya ba, ita ce kuwa ta ƙarasa ni ba ta sani ba. Ta ce in sanyi ya shigo Hisham zai kwashe ku a motarsa, ita da ke da iyayenki, zuwa al-Ula, ku ga tseren kekunan da ake yi a can da idanunku. Ta juyo ta ce, "Kai ma ka zo mana, ya waladi, ai kai ne malamin." Na ce in sha Allah, na ci gaba da turawa. Me zan ce mata? In ce tsakanina da al-Ula akwai shingayen bincike da ba na iya ƙetarewa? In ce ni da na haddace sunayen duwatsun da ake hawa a Faransa da Italiya, Jidda ma da ke nan kusa sai na yi kwana bakwai ina shawara da zuciyata? Shekara goma sha ɗaya ina bin tsere, ban taɓa jin ƙarar tayoyin garke da kunnena ba. An ce kamar saukar ruwan sama ne a kan kwano. Za ki ji, iskar wucewarsu za ta ɗaga miki gefen mayafi, za ki juyo cikin murna ki nemi wanda za ki ce wa ka gani, kuma ba ni ne zan kasance a wurin ba. Gani ya kori ji, Na'ima, ni kuwa ji kawai gare ni. Wannan tunanin ne ya hana ni cin abinci jiya.

Amma bari in faɗi gaskiya ko da a kaina ne. Hisham bai zage ni ba, bai ma san ina yi ba. In mun haɗu shi ke fara miƙo hannu, wannan kuwa ya fi komai ba ni haushi. Ba shi ya hana ni zuwa gaban mahaifinki ba. Tun azumi shi Baba Lurwanu ya tare ni a ƙofar gidanku, ya ce mai zuwa kullum ya kamata a san sunan zuwansa, in da magana in turo manya. Na sunkuyar da kai na ce to. Wata huɗu ke nan! Kullum in ce sai na ga yadda takarda za ta yi, sai bayan aikin Arfa, sai alhazai sun watse. Na zauna a tsakiyar garke ina jiran ranar da babu iska. Ni ke zagin masu laɓewa, ashe ni ne babbansu.

To, na gama laɓewa. Na je wurin Kawu Munzali, ƙanin mahaifiyata, na faɗa masa komai. Ya yi mini faɗa har ya gaji, sannan ya ce a kai babbar rigarsa wurin guga. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zai zo gidanku, shi da dattawa biyu na unguwarmu. Na roƙe shi kada ya yi wa maganar kwalliya. Ya gaya wa Baba na zo umra da mahaifiyata ina ɗan shekara goma sha biyar, Allah ya karɓi abarsa a nan, ni kuma ban koma ba. Ya gaya masa ba ni da iƙama, ɗaki ɗaya gare ni a Zahir da ƙafafu biyu masu lafiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na san abin da hakan ke nufi gare ki, ke da aka haifa a nan da takardunki cif. Aure da ni hanya ce mai hawa, ba kuwa zan yi miki ƙaryar na san inda gangara take ba. Mai yiwuwa wata rana in fita aiki ban dawo ba, sai dai ki ji muryata daga Kano. Wannan ma ki sa shi a ma'auni, kada ki ajiye shi gefe don kina tausayina.

Al-Ula kuwa, ki je. Ki je ki gani, ba zan hana idonki abin da nawa ya rasa ba. So nake dai ki je an riga an yi miki tambaya kin amsa.

Ga roƙona, ya hasken safiyata, ya inuwar da nake nema in rana ta take! Mahaifinki mutum ne mai tambayar 'ya'yansa, na sani, zai kira ki ɗaki ya ji ta bakinki. In zuciyarki ta karkata Shisha, aiko mini kafin faɗuwar rana ranar Alhamis, in hana tsoho saka rigar da aka goge, kada a kunyata furfurarsa saboda ni. Ba zan zage ki ba, ba zan daina tura Hajiya ba, sai dai kada ki nemi in taya Hisham murna, ban kai wannan matsayin a wurin Allah ba. In kuwa ni ne, to kada ki yi shirun kunya irin na 'yan mata ki bar wa Baba fassara, don shiru a gidanku yanzu na mai mota ne. Buɗe baki ki kira sunana, Na'ima, yadda har na zaune a falo zai ji.

Naki ne ni, yau da gobe da ranar da ƙafafun nan za su gaji. Ko an buɗe mini hanyoyin ƙasar nan, ko an bar ni tsakanin duwatsun Makka har a kai ni inda aka kai mahaifiyata, ba zan juya fuskata ga wata ba.

Mai ƙaunarki, mai kishinki,
Hafizu