Harafi a Jikin Gada

Litinin, 4 ga Maris
An hana motoci hawa gada. Kwamitin gari sun ce ko mu kankare tsatsar da hannunmu a yi sabon fenti, ko a sare ta a zuba ta siminti. Kowa maganar ke nan a bakinsa. Ni kuwa damuwata harafin N ɗin nan da ke jikinta. Eliecer ne ya karce shi da ƙusa a ƙarfen dafawa, wajen tsakiya, ana gobe zai tafi tsinkar kofi. Da idona na gani, ina dawowa daga kai wa Kaka arepa, wainarmu ta masara, kasuwa. Ya ɗago ya ce, "Nohemi, kin ga abin da ban so kowa ya gani ba." Ya yi murmushi. Ni sai kallon takalmana. A littattafaina haka ake farawa. To in an kankare, ya dawo bai tarar ba fa?

Asabar, 9 ga Maris
Na shiga cikin masu kankara. Ni da ko gaisuwa sai na maimaita ta a zuci kafin ta fito! Don Hermes maƙeri, shugaban aikin, ya miƙo min burushin ƙarfe ya ce, "Jikar Transito? Ashe kina da murya!" Na roƙi a ba ni tsakiya. Na kankare ko'ina, na kewaye N.

Fentin hawa-hawa yake fita. Shuɗi, zamanin da aka haife ni. Ruwan ɗorawa, na Mama. Kore, na Kaka. Can ƙasa ja. Don Hermes ya ce da jan ta zo a jirgin ruwa, gunduwa-gunduwa, alfadarai suka hawo da ita, kakan Kaka yana cikin masu gasa ƙusoshinta a wuta. "Ki yi mata a hankali, ta girmi duk wanda kika sani."

Lahadi, 17 ga Maris
Ya dawo! Ya rame, rana ta ƙona shi. A ƙofar coci ya ɗaga min hannu, har da kashe ido. Ban ci abincin rana ba.

Laraba, 20 ga Maris
Nelcy 'yar goggona ta zo, ta faɗa kan gadona da takalmi kamar kullum, ta ture min littafi. "Ke uwar karatu, ashe haka kike da zurfin ciki? Eliecer ya ce ke kaɗai kika gan shi yana rubuta harafina, kuma ba ki gaya wa kowa ba. Wai har kewaye mana shi kike yi da burushi!" Ta rungume ni. Gashinta yana ƙanshin man kwakwa. Na ce ba komai. Na ma yi dariya, ban san daga ina ta fito ba.

Alhamis, 21 ga Maris
Nelcy da N ake rubuta shi. Tun muna aji ɗaya na san haka.

Asabar, 23 ga Maris
Ban je aiki ba. Na ce cikina ke ciwo. Na buɗe littafi, wata baiwar Allah tana kuka a tashar jirgi, na san a shafi na gaba saurayinta zai biyo ta da gudu. Na rufe. Maƙaryata.

Talata, 26 ga Maris
Kaka ta gane, ban san ta yaya ba. Ta ce, "Taso, mai ciwon cikin ƙarya, raka ni in ga tsohuwar ƙawata." Muka hau gada tana dogara sandarta. Kusa da wurina, inda kore ya bayyana, ta tsaya ta sa yatsa. Wani T ne, tsatsa ta cinye shi har ƙarfen ya yi rami.

"Wani ɗan jirgin ruwa ne ya karce shi, mai gashin baki kamar tsintsiya. Mu uku ne masu T a garin nan, ni da Tomasa da Teodora. Kowacce sai ta faki ido ta zo ta shafa."

Na ce na wace ce?

"Oho. Wata Marta ya aura."

Ta yi dariya har da tari. Na so in taya ta, sai kuka ya zo, nan tsakiyar gada, masu jakuna suna wucewa. Ba ta ce in yi shiru ba. Ta ce dai, "Dubi ramin. Shi ya tafi abinsa, gada ce ta biya."

Asabar, 6 ga Afrilu
Na koma. Don Hermes ya ga N ya ce, "Wannan fa, ajiya kika yi? Duk inda aka karce, nan ruwa ke shiga." Nelcy ta biyo ni da lemo tana marairaicewa: "Haba 'yar'uwa, bar mana shi, ɗan ƙarami ne."

Na kankare. Ba zan yi wa kaina ƙarya a nan ba, da farko da haushi na yi, har yatsana ya yi jini. Amma da shuɗin ya tashi, tsatsa ta riga ta bi layin harafin, siririya kamar zare. Na bi ta har ƙarfen ya yi fari, na shafa jan fenti. Nelcy ba ta yi min magana. Eliecer ya ce wai bai san haka nake da ƙeta ba. Wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi min.

Juma'a, 12 ga Afrilu
Har yanzu da zafi, musamman Lahadi a coci.

Laraba, 17 ga Afrilu
Kwamiti sun ce ba za a sare ta ba, kuma ja za a bar ta. Jaririn da maƙwabciyarmu ta haifa jiya ɗan zamanin ja ne. Jan bai fita daga farcena ba, ban kuma dage da wankewa ba.

Da safe na kai wa Kaka arepa. Ina tafe ina duba ƙusoshin ɓangaren da ya rage, ina tunanin wanda zan nuna wa Don Hermes ran Asabar. Sai da na kai bakin kasuwa na tuna ban kalli wurin N ɗin ba. Na ɗan tsaya. Ban koma ba dai, kar arepa ta huce.