Ɗoɗɗoyar Baba da na bari a baranda

Salama gare ku, masu kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, ni ma ban bar kaina ba.

Ni nas ce, ina zaune a Landover, a Amurka, tare da mahaifiyata. Bayan rasuwar Babanmu na ɗauko ta daga Kafanchan. Cikin 'yan kayan da ta taho da su har da irin ɗoɗɗoyar da Baba ya shuka a bayan ɗakinsa. Ta zuba shi a tukunya a bakin tagar falo, ta yi ta lallaɓa shi har ya zama shuka ta kai mini ƙugu. Ganye ɗaya ba ta yarda a tsinka sai ranar farfesu.

Da Kirsimeti ya matso na ce zan sayo bishiya, sai Mama ta ce, "Wace bishiya kuma, ga ta babanki a tsaye?" Ta rataya mata ƙananan fitilu da ƙyallayen atamfa, ta yanka tauraro da kwali ta ɗora a sama. Gaskiya falon ya yi ƙamshi, Mama har da waƙa, alhali rabon da in ji waƙarta tun kafin jana'izar Baba. Amma ni a raina kunya nake ji. Ganyen miya da tauraron kwali? A Amurka?

Ana haka Mama ta tafi taron zumuntar mata a Takoma Park, za ta kwana a can. Ni kuwa na gayyaci abokan aikina cin abinci, mutanen da kullum suke nuna mini hotunan bishiyoyinsu masu taɓa rufi. Sai na je na sayo ta roba na kafa, na kwance fitilun Mama, na ja tukunyar na kai baranda na rufe ƙofa. Na ce a raina da sun tafi zan shigo da ita. Aka ci aka sha, aka yaba bishiyata, gajiya ta kwashe ni. Sai da safe na tuna. Ni da nake gargaɗin marasa lafiya a kan sanyin Disamba, ni ce na bar shukar Kafanchan a waje har ruwan tukunyarta ya daskare. Na shigo da ita da sauri, na mayar da fitilu da tauraro yadda suke, na cusa ta robar a but ɗin mota.

Kafin Mama ta dawo ganyen ya yi laushi, washegari ya yi baƙi ƙirin. Ta tsaya tana murza shi a yatsu, ta ce, "Ko fitilun nan ne suka ƙona ta?" Jama'a, a nan ya kamata in faɗi gaskiya. Kun san me ya fito daga bakina? Na ce, "Ai dama na ce miki a sayi bishiya, Mama." Wace irin 'ya ce ni?

Tun ranar ba ta sake waƙa ba. Kullum da safe sai ta zuba wa busasshen karan ruwa. Na kira gida ko za a samo wani irin, ƙanena ya ce masu hayar gidan sun shafe bayan ɗakin da siminti. Na sayo wata ɗoɗɗoyar a kanti, Mama ta shinshina ta ce ba ita ba ce.

Jiya na dawo daga aiki na same ta zaune gaban tukunyar. Ta kama hannuna ta ce, "Ki yafe mini, 'yata. Abu ɗaya da ya rage mana na babanki, na kashe shi da ƙauyancina. Baɗi ki sayi irin ta mutane, ba zan sa hannu ba." Uwata ce take roƙona gafara, ni kuma na ce, "Ba komai, Mama." Ta robar tana nan a but, kullum da ita a ciki nake kai Mama coci.

In na faɗa mata, za ta san kunyarta na ji a gaban baƙi, kuma ina tsoron wannan ya fi mutuwar shukar yi mata ciwo. In na yi shiru, za ta ci gaba da ɗaukar laifin da ba nata ba. Ku da kuke da iyaye, ku gaya mini, me zan yi?