Bargon Gaban Hita

Ladywood, Birmingham

Mama,

Ina gaishe ki da Baba. Yaya ƙafarki? Ni lafiya lau, kada ki damu. Yajin ya iso, Allah ya saka.

Tsohuwar da nake kula da ita 'yar Mongoliya ce. A ƙasarsu, idan sanyi ya tsananta, ɗaki ake shigo da 'ya'yan tumaki su kwana kusa da murhu. Wata shekara ƙanƙara ta binne ciyawa, garkenta ya mutu kaf. Har yau, duk yamma sai ta shimfiɗa bargo gaban hita, ta buɗe ƙofa tana kiransu.

Jiya na zo naɗe bargon, na same shi jiƙe, da ɗumi, yana warin tumaki.

Mama, a hawa na tara muke. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Nentawe