Ƙafar Tela a Likkafa

Laraba, 13 ga Agusta, 1975

An haihu! Khadijatu matar ɗana ta sauka jiya Talata da hantsi, namiji. Alhamdu lillahi. Na rubuta, na sake karantawa, kamar ranar da Malam Timoti ya fara koya mini rubutu a ajin yamma.

Ernest ne ya kawo labari, direban gidan kiwon shanu na gwamnati da ke hanyar Dukku, inda yaron nan yake aikin duba dabbobi. Ya tsaya bakin shago, taɓo har gwiwa, ya ce, "Baba tela, kawo goron albishir!" Ina cikin ɗinkin wandon wani ma'aikaci. Sai da ya tafi na ga na ɗinke wa mutum aljihu ruf.

Ladi matata ta rangaɗa guɗa har unguwarmu ta Shamaki a nan Gombe ta ɗauka. Ta ce an yi mata sabon miji, ni tsoho in nemi wurin zama.

An so a kawo Khadijatu gidan iyayenta a unguwar Jekadafari ta haihu, yadda aka saba. Jaririn ya riga mu.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ashe jiya Ernest bai gama magana ba, murna ta hana ni saurare. Ruwan makon jiya ya tafi da kwalbati. Mota iyakarta ofishin bakin ƙofar gidan kiwon. Sansanin ciki, inda suke zaune, sai a kan doki. A ƙafa tafiyar yini ce, ga rafi a tsakani, ga gwiwata.

Suna kuma ranar Talata.

Yaron nan ba zai iya faɗa wa liman suna ba, ɗan farinsa ne, da kunya. Kamar yadda ni ma tun da aka haife shi ban taɓa kama nasa sunan ba, ko a wannan takarda ba na rubutawa. Haka babana ya yi da ni. Ya aiko Ernest da magana guda: "Ka ce wa Baba shi muke jira."

In ban je ba, liman zai zaɓo wanda ya zo bakinsa. Jikana na fari.

Ni kuwa ko jaki rabona da hawa tun ina yaro a ƙasar Katsina, shi ma kayar da ni ya yi.

Jumma'a, 15 ga Agusta

Na kasa zama. Na buɗe shago, na rufe, na sake buɗewa. Ma'aikata sun samu ƙarin albashi, kowa sai ya zo da yadi, kowa yana so gobe. Na ce su yi haƙuri.

Na yanka 'yar riga daga farin yadin da na ɓoye tun bara. Wuyanta ya yi kaɗan, na warware. Ban san girman wuyansa ba.

Bayan masallaci na tsaya kallon dokin wani mai gishiri a bakin kasuwa. Tsawo! Ya juyo ya dube ni, na wuce.

Asabar, 16 ga Agusta

Ladi ta ce in bari a gyara hanya, sai mu tafi tare. Na ce sunan zai jira hanya? Ta ce, "To in ka faɗo ka karye, wa zai taka keken ɗinkin?" Na fita kasuwa. Na sayo goro da dabino.

Lahadi, 17 ga Agusta

Ofishin bakin ƙofa. Bayan an tashi daga coci a Herwagana, Ernest ya ɗauko ni a Landiroba. Hanya ta jijjiga ni har haƙorana suna haɗuwa.

Mai kula da dawakin wurin wani Bafillace ne siriri, Sallau. Ya dubi babbar rigata mai aska takwas, ya ce, "Malam, ɗaurin aure za ka ko daji?" Ya sa na tuɓe ta, ya naɗe ya ɗaure bayan sirdi. Wai in iska ta kaɗa ta, doki zai tsorata. Rigar da na yi wata ina yi wa aiki!

Ya fito mini da wata tsohuwar goɗiya, sunanta Goggo. Ya ce ita ake ba baƙi da manyan ma'aikata masu tumbi, ba ta gudu sai an roƙe ta. Ya sa na miƙa mata bayan hannuna ta sunsuna. Numfashinta da ɗumi. Ta hagu ake hawa. Ƙafar hagu a likkafa, a kama geza, a yi bisimilla, a ɗaga. Na ɗaga, na dawo. Na ɗaga, na dawo. A na uku Ernest ya turo ni ta baya kamar buhun gyaɗa, na kusa wucewa ta ɗaya gefen.

Daga sama ƙasa tana da nisa.

Sallau ya ja ta muna zagaya shinge. Lafiya lau. Ya saki, ya ce in riƙe linzami sako-sako, kamar zaren da ba a so ya tsinke. Wannan na gane. Sai kawai Goggo ta fara sassarfa, ina tsalle a sirdi, hulata ta faɗi. Ina cewa tsaya, tana ƙarawa. Sallau ya tare ta yana mamaki, wai bai taɓa ganin ta yi haka ba. Muka sake. Ta sake.

Ernest ne ya gano. Ya riƙe ciki yana dariya, yana nuna ƙafafuna. "Baba, ɗinki kake yi!" Ashe da zarar gabana ya faɗi, ƙafafuna sai su shiga taka keke da kansu, dugadugai suna bugun cikinta. A wurinta kuwa wannan shi ne a ce tafi.

Sallau ya ce, "Malam, danne dugadugai ƙasa. Wannan ba ta cin yadi."

Na danne. Da na manta, sai su koma.

Cinyoyina kamar an daka. Gobe da safe za a shiga. An ce yaron nan da kansa zai fito ya tarye mu.

Litinin, 18 ga Agusta

Ina sansani. Da raina. Bari in rubuta tun da sauran haske.

Yaron nan ya iso bayan fitowar rana a kan wani baƙin doki. Ya sauka, ya durƙusa can nesa ya gaishe ni, kansa a ƙasa. Na amsa ina kallon kunnen Goggo. Ya rame kaɗan, ya yi baƙi. Na so in tambayi jaririn, sai na tambayi Sallau ko za a yi ruwa.

Muka jeru: shi a gaba, ni a tsakiya, Sallau a baya. In yana so ya gaya mini abu, sai ya gaya wa Sallau ta saman kaina. "Sallau, ka ce wa Baba ya sunkuya, akwai reshe." Sallau ya ce, "Malam, ka ji." Na ce na ji. Haka muka yi ta tafiya. "Sallau, a gangare Baba ya kwanta baya." "Malam, ka ji." Har Sallau ya gaji ya ce shi fa ba gidan waya ba ne.

Ciyawa ta kai cikin doki. Ƙudaje masu cizo. Fararen shanu a warwatse, balbelu na bin su. Wani wuri zabin daji suka tashi fir, gabana ya faɗi, ƙafa ta fara, na tuna na danne. Na ji daɗin kaina. Har na fara kallon gefe.

Sai rafi.

Ruwa ja, yana gudu, yana ɗauke da kara da rassa. Yaron nan ya shiga ya gwada, ya kai cikin dokinsa. Ya dawo ya ce wa Sallau akwai mashigi mai tsakuwa, a bi bayansa daidai, a bar Goggo ta zaɓi inda za ta taka, kada Baba ya kalli ruwa, ya kalli tsamiyar tsallake.

Na kalli tsamiya. Na kalli tsamiya. A tsakiya ruwa ya shiga takalmina da sanyi, sai na duba ƙasa. Duniya duka ta shiga tafiya gefe. Ban san lokacin da ƙafafuna suka fara ba. Goggo ta zabura, ta bar bayan baƙin doki, ta yi ƙasa inda ba tsakuwa. Ta nutsa har ƙirji. Sirdi ya karkace. Ƙafa ɗaya ta fita daga likkafa. Sallau yana baya da nisa, yana ihu da Fillanci. Shi kuwa yana gaba, bai waiwayo ba, ƙarar ruwa ta hana shi ji.

Na ce, "Kai!" Bai ji ba. Na ce, "Yaron nan!" Bai ji ba.

Na ce, "Rufa'i!"

Da ƙarfi na faɗa, har tsallaken ya amsa.

Ban ga yadda ya juyo ba. Na dai gan shi cikin ruwa har wuya, hannu ɗaya a linzamin Goggo, ɗaya ya damƙe ƙafata ya matse ta a jikin sirdi. Ya ce, "Baba, tsaya cak. Kama geza. Ni nake ja." Ba ta bakin Sallau ba.

A gindin tsamiya muka zauna muna matse kaya. Sallau ya tafi duba ɗamarar sirdi, ya daɗe yana dubawa, ɗamarar da ya riga ya gyara. Goro ya jiƙe, ba laifi, goro yana son haka. Dabino ya zama kunu. 'Yar rigar tana cikin leda, ba abin da ya same ta.

Sauran hanyar a gefena ya yi ta, wai don ya riƙe mini ragama. Ya nuna mini ciyawar da ke kumbura cikin saniya, da inda suka haƙa rijiya, da wani bijimi da aka kawo daga ƙasar waje wanda ba ya son rana. Ban san yana da magana haka ba. Muryarsa irin ta ƙanena marigayi ce. Ban taɓa lura ba.

Na ga jaririn. Edna matar Ernest ce ta miƙo mini shi, ita ke kula da mai jego tun ranar haihuwa. Ba shi da nauyi ko na ƙwaryar zare. Ya kama yatsana. Na ce, "Kai ne ka sa aka kusa kashe ni, ko? Ka zo ka ƙwace mini mata, ka kuma jefa ni a rafi." Khadijatu tana dariya a bayan labule.

Wuyan rigar ya yi masa yawa.

Talata, 19 ga Agusta

An raɗa suna. Sunan babana na ba shi. Na matsa kusa da liman na faɗa masa a kunne, ya ɗaga murya: Ibrahim. Aka shafa fatiha. Mutane ba su da yawa, makiyaya da ma'aikata da matansu, amma an yanka rago mai kyau.

Uban yaron ya ɓuya a bayan garke tun asuba, yadda ya kamata. Ni ma haka na yi a nasa sunan, a shagon maigidana na wuni. Yau da na hango shi can shi kaɗai, jingine da shinge, yana leƙen taron ɗansa daga nesa, sai na tashi.

Na ɗebi tsire na kai masa. Na ce Sallau ne ya ce in kawo.

Zama ba ya yiwuwa. Tsayuwa ma haka. A kwance nake rubutu, ruf da ciki.

Alhamis, 21 ga Agusta

Ruwa ya ja baya. Yaron nan shi kaɗai ya rako ni, Sallau yana da aiki. A rafi na kalli tsamiya, wato wadda ke wancan gefen yanzu ba tsamiya ba ce, wani kurmi ne, na dai kalle shi. Ƙafa ba ta motsa ba.

Ya tambaye ni yadda na koyi ɗinki. Ban taɓa ba kowa labarin ba, ba wanda ya taɓa tambaya. Muna cikin magana sai ga rufin ofis. Hanyar ta fi gajarta a dawowa, ban san dalili ba.

Asabar, 23 ga Agusta

Gombe. Ladi ta sa na ba ta labari tun daga farko har sau nawa. Kamannin hanci, kamannin kunne. Na gaya mata na rafi, ban da abin da na faɗa. Ta dube ni ta ce, "To da yaya ya ji ka, ruwa na ƙara?" Na ce Allah ne ya juyo da shi.

Mai wandon nan ya dawo da aljihunsa a ɗinke. Na warware.

Laraba, 27 ga Agusta

Shago ya yi mini ƙunci. Ina taka keke ina kallon titi. Yau na tsinci kaina na danne dugadugai, keke ya tsaya tsakiyar ɗinki.

Na rage wuyan wata 'yar rigar. Wannan karon na san girman.

Laraba, 3 ga Satumba

Ernest ya biyo. An gyara kwalbati. Ya ce ranar Asabar zai kai ni da Ladi har ƙofar ɗakin mai jego, kafin azumi ya kama, ba doki ba rafi. Ladi ta hau shiri.

Na ce ita ya wuce da ita. Ni ya sauke ni a bakin ƙofa, motarsa tana tayar mini da ciwon baya. Ya ce, "Baba, mota ce ke sa ciwon baya, ba Goggo ba?" Na ce ya dai yi abin da na ce.

Ya tambaya ko a gaya wa Sallau ya shirya rakiya. Na ce kada a dami Sallau, mutum ne mai aiki da yawa. A dai gaya wa Rufa'i.