Ɗan Kwikwiyonka da Takalmin Alhaji

Yaya Bulus,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya sanyin Pankshin? Ya Saratu da yara? Mu nan Gyaɗi-Gyaɗi lafiya lau, sai dai ɗan kwikwiyon da ka kawo wa Baba ya ishe ni.

Tun da Baba ya yi ritaya ba shi da aiki sai jefa masa tsohon silifa yana cewa, "Ɗauko." Wata biyu kare ko kallo bai yi ba. Ranar rantsar da shugaban farar hula, maƙwabcinmu Alhaji Sani ya shigo kallon talabijin, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Ashe ran nan ne karatun zai shiga kan karen. Sai ga kare da sabon takalmin Alhaji a baki, yawu na zuba, ya ajiye gaban Baba. Baba har da tafi.

Ni na wanke takalmin sau bakwai, har da ƙasa, yadda Hajiyarsa ta nuna min. Alhaji ya ce ba komai, amma yanzu daga waje yake gaishe mu.

Ka sa mu a addu'a, ka gai da kowa. Soja ma sun koma bariki, ka zo ka kwashi karenka.

Ƙanwarka,
Rifkatu