Duwatsun Bayan Urushalima

Los Angeles, 6 ga Maris, 1954

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya kai da Mama. Yaya ciwon gwiwa? Wannan ce wasiƙata ta tara tun da na baro Arkansas, ko ɗaya ba ka amsa ba. Na san ka ce hannun da ka koya wa zanen Kogin Urdun a bangon majami'u ya koma yi wa 'yan fim ƙarya. Abin yana cina, amma ba zan daina rubutowa ba, ai taurin kan a wurinka na gada.

Da ka ga aikin nan, Baba, da ka riƙe baki. Fim muke yi na labarin Littafi Mai Tsarki. An gina ƙofar Urushalima ta katako, mutum dubu biyu da raƙuma suka shige ta, aka ɗauka da saman idon kyamara a rufe. Yanzu fim ɗin yana firiji ba a wanke ba, yana jiran in zana sauran birnin a kan gilashi, a cike gurbin da shi. Sau ɗaya tak ake yi. Shugabanmu, Mista Lindqvist, tsoho ne mai faɗan tsiya, amma gwani ne na gaske. Jiya ya tsiyaya farin fenti a tankin ruwa na gilashi, sai ga shi tamkar hadari ya haɗu a gabana, har na duƙar da kai.

Ɗanka,
Orval

2 ga Afrilu

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan sanyi ya sake ku. Na sha kunya makon jiya. Na kwashe kwana ashirin ina zana kowace taga da kowane tubali, har bishiyoyin da ke kan duwatsun nesa. Da aka gwada a wani guntun fim, birnin ya fito a sandare. Tsohon ya harare ni, ya kira ni da sunan gidanmu ya ce, "Tackett, kai mai zane ne ko mai ƙidayar tagogi?"

Ina wanke burushi sai na tuna ka a majami'ar ƙauyenmu, yadda kake shafa duwatsun bayan kogi a zanenka da babban yatsa, da shuɗi da ɗan toka-toka. A da, ka yafe mini, na ɗauka ƙyuya ce. Na ajiye burushi na sa yatsa. A kusa kamar an goga tsumma. Tsohon ya daɗe da ido a kyamara, sannan ya tambayi wanda ya koya mini. Na ce babana. Ya ce in gaya maka shekara talatin yana neman wannan shuɗin. Ran Talata aka fito da fim ɗin daga firiji, aka ɗauka, ya yi.

Ɗanka,
Orval

19 ga Nuwamba

Babana,

Gaisuwa da godiya. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa. Mama ta riga ta tona maka asiri: wai ka tafi silima har gari na uku, da hula a kan ido don kada 'yan majami'a su gan ka, kuma sau biyu ka zauna ka kalla.

Ka ce ka nemi inda katako ya ƙare fenti ya fara, har idonka ya yi ruwa, ba ka samu ba. Sunana ma ba ya jikin fim ɗin, haka aikinmu yake, in an gane mu mun faɗi. Amma layinka na ƙarshe ne ya sa ni kuka da dariya a haɗe: "Duwatsun nan nawa ne, ɓarawo."

Naka ne, Baba. Ina nan tafe Kirsimeti, ka ajiye mini bango ɗaya.

Ɗanka mai ƙaunarka,
Orval